Carbin abokinka da tokar goshinsa

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kace abokin karatunka ɗan Katolika ne, ka gan shi da carbi yana ja, kuma ran wata Laraba ya shigo da toka a goshi yace azumi suka fara, shine kake tambaya wai ko a wajenmu suka kwaikwaya.

Toh kar ka yi saurin cewa haka. Ɗan adam duk inda yake in zai maimaita addu'a sai ya nemi abin ƙirga, don yatsa da zuciya suna mantuwa. Mu namu 33 ne ko 99, na Hindu da mabiya Buda 108, na Katolika kuma da suke kira rosari ƙwaya 59 ne, 50 daga ciki an kasa su goma goma har sau biyar. Kuma tun ƙarni na 4, kafin zuwan Musulunci, akwai sufayen Kirista a hamadar Masar dake ƙirga addu'a da tsakuwa, kaga ke nan maganar wane ya kwaikwayi wane bata taso ba.

Azumin nan sunansa Lent, kwana 40 ne banda Lahadi, daga Larabar toka zuwa Ista, suna tuna kwana 40 da littafinsu yace Annabi Isa ya yi a jeji. Tokar kuwa ganyen dabino ne na bikin bara ake ƙonawa, fada, wato limaminsu, ya shafa maka ya tuna maka daga ƙasa ka fito kuma can zaka koma, wannan kam ko ni da na ji sai da jikina yayi sanyi. Amma fa ba irin azuminmu bane, suna shan ruwa, rage ci ake a ranar tokar da Juma'ar ƙarshe kafin Ista, sannan a bar nama duk Juma'a. Yahudawa ma suna da nasu na Yom Kippur, wajen awa 25 ba ci ba sha.

In ka lura kusan kowane addini zaka samu ruwa na tsarki, da wuri mai alfarma da ake niƙar gari a je, da littafi, da ranaku na musamman. Su suna baftisma da ruwa, suna zuwa Rum da Lourdes a Faransa da wani gari a Fotugal mai suna Fatima, Hindu kuma na wanka a kogin Ganga.

Inda nake so ka buɗe ido shine kamannin a siffa yake, ma'anar kowa da tasa. Da carbin nan yana roƙon Nana Maryam ne ta yi masa addu'a, in ka tambaye shi zai ce maka ba bauta mata yake ba, mu kuma ka san matsayinmu akan haka. Suna da manyan ibadu 7 da suke kira sakramenti, ciki har da zuwa gaban fada ka furta zunubinka ya sanar maka da gafara, wannan babu shi a wajenmu sam. Sannan ga shugabanci a jere daga fada zuwa bishop har Paparoma a Vatican, wanda kadinal kadinal, wato manyan malaman cocin, ke kulle kansu su zaɓa sai an ga farin hayaƙi, haka aka zaɓi Leo na 14 a watan Mayun 2025. Ko sauran Kiristoci basu yarda da wannan ba, Furotesta dai tun rigimar Martin Luther ta 1517 suka raba gari da Katolika, shi yasa ma Baibul ɗin Katolika littafi 73 ne na Furotesta 66.

Wani abu da mutane da yawa basu sani ba, a babban taronsu na 1962 zuwa 1965 sun fitar da takarda cewa cocin na ganin Musulmi da mutunci, har suka ambaci sallah da zakka da azuminmu da yadda muke girmama Nana Maryam. In kun haɗu tambaye shi ko ya taɓa jin Nostra Aetate, sunan takardar ke nan, sai ka faɗa min abinda yace. Ka gaida mamanka.