Shekarar 1984 ta wuce, me ya sa har yanzu ake karanta littafin Orwell?

Tambaya: Malam, ƙanwata mai karatun adabi a jami'a ta kawo mini littafin George Orwell mai suna 1984, ta nace sai na karanta. To ai shekarar ta wuce tuntuni, Tarayyar Sobiyet ɗin da ake cewa da ita yake ma ta ruguje. Wane amfani ya rage masa?

Amsa: Ƙanwarka ta yi maka gata, Malam. Orwell ba duba ya yi ba, gargaɗi ya yi. Ya rubuta littafin ne a tsibirin Jura na ƙasar Sikotilan, tarin fuka na cin sa, aka buga shi a 1949, ya rasu a watan Janairun 1950. Abin da ya dame shi kuwa tun a yaƙin basasar Sifaniya ya gan shi da idonsa, lokacin da ya je ya yi faɗa a can: jaridu na ba da labarin gumurzun da ba a yi ba, suna binne wanda aka yi.

Shi ya sa ya ba jaruminsa, Winston Smith, aikin da ya ba shi. Winston ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, kullum yana zaune ana turo masa tsofaffin jaridu. Idan gwamnati ta yi alkawari bara kuma ba ta cika ba, sai ya gyara labarin bara ya dace da yau, tsohuwar takardar kuma a jefa ta wani rami da ke kaiwa ga wuta. Idan an kashe mutum, sai a goge sunansa ko'ina, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. A ganina nan ne zuciyar littafin take, ta fi ma na'urorin leƙen asirin da aka fi yawan ambato. Yau ba sai an ƙona takarda ba. Labarin da ke intanet ana iya sauya shi cikin dare ɗaya, hoto da murya kuma ana iya ƙirƙirar su da kwamfuta.

Masu karatu ma sun gane haka. A 2013, da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya tona yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan wayoyin jama'a, cinikin littafin ya tashi. A Janairun 2017 littafin ya hau saman jerin littattafan da suka fi kasuwa a Amazon, kasuwar intanet.

Amma kada ka tsaya a kan Orwell kaɗai. Aldous Huxley, wanda ya taɓa koyar da shi Faransanci a makarantar Eton, ya fitar da Brave New World tun 1932. A duniyarsa babu bulala. Mutane ana cika su da nishaɗi da wata ƙwaya mai suna soma, har ba mai sha'awar tambayar komai. Bayan ya karanta 1984, Huxley ya rubuta wa Orwell wasiƙa yana cewa masu mulkin gaba za su fi son sa mutane su ƙaunaci bautar da suke ciki, maimakon a riƙa dukan su. Duk wanda ya ga yadda waya ke cinye daren matashi, ya san Huxley ma yana da hujja. Ni dai ina ganin kowannensu ya hango rabin abin ne.

Idan Turancin ya yi maka nauyi, fara da Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa ɗaya littafin na Orwell, Animal Farm. Gajere ne, kuma a ciki za ka ga yadda ake sauya dokokin da aka rubuta a bango da daddare. Sai ka koma 1984. Akwai wani dogon sashe a tsakiyarsa inda Winston ke karanta haramtaccen littafin Goldstein, babban maƙiyin gwamnatin a labarin; da yawa suna tsallake shi don ya yi kama da lacca. Ka daure ka karanta shi, a nan ne aka bayyana dalilin da ya sa gwamnatin ba ta son yaƙin da take yi ya ƙare.