Tambaya da Amsa: Kawu bai yi boko ba amma ya hana ni sayar da gona

TAMBAYA: Slm Malam. Ni matashi ne daga Ƙofar Ƙaura nan Katsina, na gama digiri a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua har na yi bautar ƙasa amma aiki shiru. Akwai gonar gado da na samu wajen Batagarawa, abokaina sun ce in sayar in zuba kuɗin a wata harkar intanet da ke ninka uwar kuɗi cikin wata biyu, ɗayansu har ya sayi mashin. Kawuna ya ce atafau, alhali ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba. Dan Allah wa ya fi sanin zamani, ni ko shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Zamani dai kai ka fi shi sani, amma ai ba zamani za ka sayar ba, gona ce. Ribar nan daga ina take fitowa? Me suke saye, me suke sayarwa? Je ka tare mai ɗaukar shanu daga kasuwar Mai'aduwa zuwa Legas, a tsaye zai lissafa maka nawa ya sayo, nawa ya ba dillali la'ada, nawa kuɗin mota, nawa ya rage mashi, kuma ba zai taɓa ce maka kuɗinsa na ninkuwa duk wata biyu ba. Su abokan naka za su iya wannan lissafin?

A Disambar 2016 MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet irin wannan, ta rufe asusun jama'a a ƙasar nan, kuma wallahi masu digiri na cikin waɗanda suka yi kuka. Yadda abin yake, da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, don haka mashin ɗin abokinka wata ƙila gonar wani ce, ranar da sababbi suka daina zuwa kuwa sai ka buɗe waya ka tarar shafin ya ɓace.

Allah Ya ce a Baƙara aya ta 269 wanda aka ba hikima an ba shi alheri mai yawa, ban ga inda aka ambaci kwalin digiri a wurin ba. Kuma wannan “ko aji ɗaya” da ka rubuta ba ta yi mini daɗi ba sam, kawunka ne fa.

Ka fara bincika ko masu harkar suna da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkokin zuba jari. Sannan ka je ka gaishe da kawu bayan la'asar, ka tambaye shi buhu nawa gonar ta bayar bara, da abin da za a kashe in za a shuka gero da wake a daminar bana.