Karat Nawa Ke Cikin Oza?

Tambaya: Malam, ina da yakutu mai nauyin karat 50, mai saye kuma yana son nauyinsa da ma'aunin Ingila na gargajiya. Yaya zan yi lissafin?

Amsa: Ɗan'uwa, fara mayar da karat zuwa giram. Tun 1907 aka tsayar da karat ɗaya a kan miligiram 200, wato karat biyar giram ɗaya ke nan. Dutsenka giram 10 ne.

Sai ka tambayi mai sayen wace oza yake nufi, domin nan ake yawan tafka asara. Ozar kayan yau da kullum, wadda 16 ke cika laba guda, giram 28.35 ce, kusan karat 141.75. Ozar tiroyi ta zinariya da azurfa ta fi ta nauyi: giram 31.10, karat 155.52. Ka raba 10 da 28.35, ka samu oza 0.353, da 31.10 kuwa, 0.322.

A ganina, ga ƙaramin dutse giren, wato wani ƙaramin ma'aunin nauyi na Ingila, ya fi dacewa, don ɗaya ne a ma'aunan biyu: miligiram 64.8. Ninka karat da 3.086, naka giren 154.3 ne. Amma giren na masu lu'ulu'un teku daban yake, rubu'in karat ne, miligiram 50 kacal. Kada ka taƙaita lambobi sai ka kai ƙarshen lissafi.