Tambaya da Amsa: Jakunkunana 14, yanzu ko ɗaya ba ta burge ni

Assalamu alaikum Anti, ya ibada, ya yara? Ni 'yarki ce a nan Jidda, shekaruna 36, 'ya'yana uku, ina aiki a wani kamfani mai hidimar alhazai da masu Umra. A nan aka haife ni, amma iyayena mutanen Katsina ne.

Tun 2016 na kamu da son jaka. Da na karɓi albashina na farko mai ɗan kauri, titin Tahliya na nufa na sayo Neverfull ta Louis Vuitton, kusan riyal 5,000. Daren nan ban yi barcin kirki ba, sai tashi nake ina buɗe kwalin ina shinshina ta. Daga nan abu ya zarce. Mu shida muke adashi, duk wadda ta kwasa jaka take saya. Yanzu ina da 14, akwai Gucci, akwai Dior, akwai Chanel guda ɗaya da na shekara biyu ina tara kuɗinta. Biyu ma ban taɓa fita da su ba.

To Anti, tun bayan ƙaramar salla abin ya fita raina. Kwasa ta zo kaina, na je kanti, yarinyar ta sa safar hannu ta ɗauko min wadda na yi wata takwas ina kallo a waya. Na rataya, na dubi madubi, wallahi ban ji komai ba, kamar ledar cefane na rataya. Na ce mata zan dawo, ban koma ba, kuɗin suna nan a asusu. Yanzu wata baƙar jaka ta riyal 90 da na saya a Balad, tsohuwar kasuwar cikin garin Jidda, nake yawo da ita, don tana cin robar ruwa da takardun aiki.

Ƙawayena sun sa ni gaba. Ɗaya ta ce kambun baka ne, a yi min ruƙiyya. Ɗaya ta ja ni gefe tana tambaya ko maigida ne ya karye nake rufa masa asiri. Shi kuwa dariya yake, wai Allah ya amsa addu'arsa. Lafiyata ƙalau kuwa, Anti? In sayar da su ne, ko in ajiye wa 'yata tunda ana cewa jaka kadara ce? Kuma akwai zakka a kansu?

'Yarki a Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Ibada mun gode wa Allah.

Kafin komai, amsa min wannan a zuciyarki: jaka kaɗai ce ta fita ranki, ko har da sauran abubuwa? Kina jin daɗin abinci? Barci fa? In 'yar autarki ta yi shirme kina dariya? Kina ɗaukar waya in 'yan uwa sun kira? In duk waɗannan ma sun dusashe, kuma an wuce mako biyu a haka, to ki bar zancen jaka ki je ki ga likita, don ciwon damuwa haka yake sallama, kuma yana da magani. Amma wadda ta zauna ta rubuto min har da tsokanar maigida, tana yabon jakar da ke cin robar ruwa, ban ga alamar ciwo tare da ita ba. Ƙoshi kika yi.

Bari in ba ki labarin ɗakin mahaifiyata a Kano, Allah ya jiƙanta. Bango guda jere ne tun daga ƙasa har rufi: tasoshi a ƙasa, langa-langa masu fure a sama, kwalla a kan kwalla, manya suna goye da ƙanana. Ba a ci a cikinsu, ba a ko taɓawa. Duk ranar Alhamis za ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, mu yara mu goge da tsumma, ta mayar da hannunta don ba ta yarda da jerinmu ba. In ta ji an shigo da sabon fure kasuwa, ba ta da sukuni sai dillaliya ta kawo mata shi, ko da kuwa akuya za ta sayar. Matan unguwa in sun shigo barka ko gaisuwa, bangon suke fara gaisarwa da ido kafin su gaishe ta. Wata rana ina aji uku a sakandare na dawo hutu na tarar bangon wayam, an shafe shi da farar ƙasa. Ta raba wa 'ya'yan ƙannenta, ta bar huɗu na tuwo. Na ce, Inna lafiya? Ta ce, "Na gaji da yi wa kwano bauta." Ba wanda ya yi mata baki. Ta yi yayinta ne ta gama.

Jakarki jeren zamaninku ce. Bambancin kawai, Inna sai an zo ɗakinta ake gani, ke kuwa ratayawa kike ki kai wa 'yan kallo har inda suke. Kin fi ni sanin yadda biki yake a nan: ana shiga zaure a tuɓe abaya, a ɗora jaka a kan tebur, a juya tambarin ya fuskanci jama'a. Ni ma na zauna a teburan nan, na ga yadda ido ke sauka kan jaka kafin ya hau fuska. Ki duba wasiƙarki da kyau. Kin ba ni labarin daren da kika sayi ta farko, da shekara biyun tara kuɗin Chanel, da wata takwas na kallo a waya. Ko sau ɗaya ba ki ce ga ranar da kika ji daɗin riƙe wata ba. Farautar ce ke miki daɗi, da ihun da ƙawaye za su yi in kin tura hoto. Kin yi farautar nan sau 14, kin riga kin san ƙarshenta: kwana uku na murna, sai durowa. Ranar da kika tsaya gaban madubin nan zuciyarki ce ta riga ki yin lissafi.

Su ƙawayen kuma kada ki ga laifinsu sosai. Adashin jaka ne ya haɗa ku, in ɗaya ta ce ta ƙoshi, sauran sai su ji kamar su ake wa gori. Shi ya sa suke nemo miki dalili, ko baki ko karayar arziki, don kowanne ya fi musu sauƙin haɗiya. Ruƙiyya ba ta da laifi, ki yi azkar ɗinki safe da yamma kamar kullum. Amma kada ki koma kantin nan don ki wanke maigida daga zargin talauci. Riyal dubbai sun yi tsada a kan rufe bakin mace ɗaya.

Sai batun kadara, inda na fi son ki buɗe kunne. Gaskiya ne farashin sababbi ya yi tashin gwauron zabi. Chanel ɗin nan mai marfi da sarƙa, matsakaiciya, a 2019 ba ta kai dala 6,000 ba a Amurka, zuwa 2024 ta haura dala 10,000. Da yake riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, kin ga ana maganar sama da riyal 37,500 ke nan, ga kuma harajin saye da aka ɗaga a nan daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020. Na san kuma labarin da ake yawo da shi a waya, na jakar Birkin ta asali da aka yi gwanjonta a Faris a Yulin 2025 a kan kusan Yuro miliyan 8.6. Wannan ita ce ta farko da kamfanin Hermès ya ɗinka wa matar da aka sa wa jakar sunanta, guda ɗaya ce tak a duniya. Ba ita ce a durowarki ba, ba ita ce a tawa ba. Tashin farashi a kanti daban, abin da mai saye zai miƙo miki daban. Chanel ɗinki, in tana da tsabta da rasit da kwalinta, za ta iya mayar miki da kuɗinki, wataƙila har da ɗoriya. Ita ma Neverfull ba ta rasa masu nema. Sauran na yayi kuwa, masu launin shekarar da aka yi su, ki shirya wa faɗuwa. Zinariya in kin kai kasuwa sikeli ake ɗorawa a faɗa miki kuɗin giram na ranar. Jaka sai an yi ta juya ta ana neman tabo a gindinta, ana tambayar ko ta gaske ce, don jabu sun cika gari.

Wani abin dariya ma, da yawa ba su san jikin Neverfull mai tambarin nan ba fata ba ce, yadi ne da aka shafe da wani abu kamar roba. Hannun da bakin ne fatar saniya, shi ya sa suke yin duhu in sun sha gumi. Mu da muka fito daga ƙasar majema da dukawa, inda fatar jar akuyar Sakkwato ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, mu ne muke layi a kan yadi. To, Allah ya kyauta.

Ajiye wa 'yarki kuma, guda ɗaya ta isa. Yarinyar da ba ta gama firamare ba, kin san me za a yi yayi ranar da za a haɗa lefenta? Ga kuma iskar Jidda. Danshin tekun nan ba ya raga wa fata. Na taɓa ganin jakar wata ƙawata da ta shekara uku a ƙulle cikin leda a saman durowa: da aka buɗe, fumfuna ta yi mata fari-fari, shafin ciki ya narke yana manne wa yatsa, sarƙar ta kwanta a jikin fatar ta bar shaida. Duk wadda za ki ajiye, ki cusa mata farar takarda ta tsaya da ƙafarta, ki tura sarƙar ciki, ki sa ta a jakarta ta yadi, ban da leda, a ɗaki mai sanyi, kina fito da ita tana shan iska duk wata.

Amma kada ki yi gaggawar rabuwa da su cikin zafin tuba. Ki ba kanki wata uku. Duk wadda hannunki ya kai kanta da kansa a cikin watannin nan, taki ce. Biyun da ba ki taɓa fita da su ba, su za ki fara sayarwa tun suna da ƙamshin kanti. Ko ta Haraj, shafin nan na saye da sayarwa a intanet, ko ta hannun dillaliya, ki yanke ladanta tun farko, ku haɗu da mai saye a bainar jama'a, kuma kada jaka ta bar hannunki sai kin ga kuɗi sun shiga asusunki da idonki, ba hoton rasit a waya ba.

Zakka: abin da aka saya don amfanin kai, kamar sutura da kayan ɗaki, babu zakka a kansa komai tsadarsa. Kuɗin adashin da ke kwance a asusu su ne abin dubawa, da abin da za ki samu in kin sayar. In dukiyarki ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, ta kuma shekara, sai ki fitar da ɗaya cikin 40. Ki kai wa malaminku lissafin ya daidaita miki.

Adashin kada ki fita, zumunci ne, ba a rubuta a ko'ina cewa dole jaka za a saya ba. Ki gaishe min da maigida, ki ce masa kada murna ta yi yawa, kuɗin naki ne. Sannan in kin sake rubutowa ki faɗa min layin da shagon nan yake a Balad. Zip ɗin tawa ya mutu tun kafin aikin Hajji, da fil nake kama ta.

Antinku, daga Makka