Dalilin rataye eriya ƙasa-ƙasa ranar atisaye

Ɗana, naga tambayarka, kace ni na koya maka cewa eriya in tayi sama tafi kai magana nesa, to me yasa ranar da muka fita fili atisayen sadarwar gaggawa ta rediyo nasa ka ɗaure wayar eriyar a tsayin mita 4 kacal alhali ga dogayen bishiyoyi a wajen. Tambayar tayi min daɗi sosai, da ma ita nake jira.

Abinda na koya maka gaskiya ne, amma na mai neman wata nahiya ne. Eriya mai reshe biyu in ka ɗaga ta kamar mita 20 a zangon mita 40, wato megahaz 7, siginal ɗin a kwance yake fita, yaje can nesa ya daki ayonosfiya, wato sashen sararin sama dake dawo da siginal ƙasa, ya sauka bayan dubban kilomita, kaga kenan ya tsallake kan mutanen dake kilomita 100 ko 200 daga inda kake, kuma ranar ambaliya ko guguwa su kake nema, asibitin garin gaba da masu kawo agaji, wanda ke wata nahiya ba zai turo maka mota ba. In ka sauke ta ƙasa sai siginal ya miƙe sama tsaye ya dawo ya bazu kewaye da kai kamar ruwan sama, kilomita 300 zuwa 400 ko fiye, ko da dutse a tsakani ba ruwansa. Shi ake kira NVIS. Da rana megahaz 7 muke hawa, dare nayi mu sauko 3.5, don in megahaz ɗin yayi yawa siginal ɗin huda sama yake ya wuce bazai dawo ba.

Zaka ce ai ga oba-oba ta megahaz 144. Toh ita iyakarta kusan inda ido ke kaiwa, rifita, na'urar dake karɓar siginal ta sake tura shi gaba, ce ke ƙara mata tafiya, rifita kuwa wuta take ci kuma a kan dogon ƙarfe take. A 2017 da guguwar Maria ta afka wa tsibirin Puerto Rico wuta da ƙarafan sabis kusan duk suka tafi, sai da aka tura masu rediyo 'yan sa-kai daga Amurka da kayan gajeren zango. Shiyasa muke fita fili, mu haɗa komai daga farko ba wutar gida ba hasumiya, masu rediyon Amurka ma duk shekara a ƙarshen mako na huɗu na Yuni suke irin wannan fitar, a 1933 suka fara ta.

Ga kuma batir. Rediyon wat 100 yana jan kusan amfiya 20 in kana magana, saurare kuwa wajen 1 ne. Ka rage zuwa wat 25, maki ɗaya ne kawai zai ragu a ma'aunin siginal na wanda ke jinka, ka kuma taƙaita magana, lambar kiranka, inda kake, abinda ake buƙata, sai ya maimaita maka ka tabbatar.

Fita ta gaba kai zaka yanka wayar. Raba 143 da megahaz ɗin, a 7.1 zai baka kusan mita 20, wato 10 kowane reshe, ka bar ɗan rara don datsewa har SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, ya sauko ƙasa da 2. Bakin wayar ka ɗaure shi sama da kan mutane don yana ƙona hannu in ana magana, janareto kuma nesa da tanti, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba, wannan kam bana sassauci a kai.