A sa wa Baba ƙarfe a jijiyar ƙoda, ko a ci gaba da magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 68, ya daɗe da hawan jini, kuma ya sha taba shekaru masu yawa kafin ya bari. An yi masa hoto aka ce jijiyar da ke kai jini ƙodarsa ta hagu ta tsuke. Likita ya ce a ci gaba da magani kawai. Yayana kuwa ya dage sai mun haɗa kuɗi an buɗe jijiyar an sa ƙarfe. Wa za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki ga wautar yayanki, domin likitoci da kansu sun daɗe a kan wannan tunani: bututu ya tsuke, a buɗe shi, shi ke nan.

Ƙodoji biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa. Idan jijiyar ɗaya ta tsuke, sai ƙodar ta ɗauka jini ne ya yi ƙasa a jiki gaba ɗaya. Sai ta saki wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya sa jijiyoyi su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, hawan jini ya ƙaru. Tun a 1934 wani likita a Amurka, Harry Goldblatt, ya nuna haka da ya matse jijiyar ƙodar karnuka, jininsu ya hau. In abin ya daɗe, ƙodar kan rame ta rage aiki.

To me zai hana a buɗe? An gwada. A 2009 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna ASTRAL, wanda aka yi da mutum 806, akasarinsu a Birtaniya. A 2014 kuma aka fitar da na CORAL, mutum 947, akasarinsu a Amurka. An raba marasa lafiya gida biyu, wasu magani kaɗai, wasu magani da buɗe jijiya, wadda galibi ake tallafa wa da 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent. Duka biyun ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba wajen kare ƙoda ko tsawon rai, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin sun sami illa daga gare shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A mutum mai shekarun Baba, kusan tara cikin goma na irin wannan tsukewa daskarewar maiƙo ce a bangon jijiya, kuma ba a ƙoda kaɗai take ba, tana nan a jijiyoyin zuciya da na wuya da na ƙafa. Ƙananan jijiyoyin cikin ƙodar ma hawan jini ya riga ya gajiyar da su. Faɗaɗa ƙofa ba ya tayar da bangon da ya zube a cikin ɗaki. Masu wannan cuta, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi yi musu barazana fiye da kaiwa ga wankin ƙoda.

Ni a ganina likitan Baba yana kan hanya. Kuɗin da za ku haɗa, ku ajiye shi don maganin hawan jini da ba zai yanke ba, da maganin rage maiƙon jini irin atorvastatin in an rubuta, da gwajin jini a kai a kai. Amma akwai inda za a sake zama: idan ruwa yana taruwa masa a huhu farat ɗaya har numfashi ya gagara, ko jinin ya ƙi sauka duk da magani iri uku ko fiye, ko aikin ƙodar yana faɗuwa da sauri, musamman in jijiyoyin biyu ne suka tsuke. Irin waɗannan ba su da yawa a cikin binciken nan biyu, kuma su ne aikin ya fi yi wa amfani.

Tambaya: Shekarata 31, ba ni da ƙiba, amma magani uku nake sha jinina bai daidaita ba. Likita yana zargin jijiyar ƙoda. Wane hoto ya fi dacewa in biya?

Amsa: Malama, taki daban ce da ta Baban da ke sama. A mata masu ƙuruciya, galibi bangon jijiyar ne ke girma ba daidai ba, nan ya tsuke nan ya buɗe, a hoto sai ki gan shi kamar carbi. Hoton Doppler, wato sikanin da ke duba gudun jini da sauti, shi ne mafi sauƙi, ba allura ba haske mai cutarwa, sai dai ya dogara da ƙwarewar mai ɗauka, kuma irin wannan tsukewa takan kasance can gaba kusa da ƙoda, inda yake iya kuskure ta. In ƙodarki lafiya take kuma ba ki da juna biyu, hoton CT na jijiyoyi ya fi nuna ta. Kafin a ɗauke shi ana yi wa mutum allurar rini mai iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake fara duba aikin ƙoda. Kada ki biya kowanne sai kin tambayi likitan wanda zai dogara da shi, don kar ki biya sau biyu. In ta tabbata, irin taki ce buɗewa ke yi wa amfani sosai: da ɗan balan-balan ake hura jijiyar, yawanci ba a barin ƙarfe, kuma wasu har sukan rabu da magani. In kina neman haihuwa ki faɗa tun yanzu, domin magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da danginsu ba sa haɗuwa da ciki.

Tambaya: An fara ba ni lisinopril, ina da tsukewar jijiyar ƙoda. Wace na'urar awon jini zan saya, kuma me zan sha in gwiwa ta dame ni?

Amsa: Malam, sayi wadda ake ɗaurawa a damtse, ka bar ta wuyan hannu. Ka auna kaurin damtsenka kafin ka biya, don in maɗaurin ya yi maka kaɗan zai riƙa ba ka lamba sama da gaskiya. Ka je da ita asibiti a gwada da tasu.

Na'urar ba za ta gaya maka halin ƙoda ba. Sati ɗaya zuwa biyu da fara maganin a yi maka gwajin jini na kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, da na sinadarin fotasiyam. In kiriyatinin ya haura da fiye da kashi 30 cikin 100, likita zai sake duba maganin, don hakan na iya nuna jijiyoyin biyu ne suka tsuke. Ibuprofen da diclofenac kuwa ka nisance su, suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda. Paracetamol ya fi maka, bisa ƙa'idarsa. Ranar da amai ko gudawa suka kama ka, ka tuntuɓi likita kafin ka sha lisinopril ɗin ranar.