Kada ka janye masu gadi daga bakin ruwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wasu mutane na son kama wurin saukar baƙi na bakin tafki gaba ɗaya su kwana a ƙarshen mako, har sun yi tayin biyan kuɗi ninki biyu tun kafin su zo, da sharaɗin a janye masu gadi daga magariba zuwa wayewar gari don ba sa son a dame su. Kana tambaya ko ka karɓa, in kuma ka karɓa a wane littafi za ka shigar da rarar.

Kada ka karɓa. Maganar littafi kuwa ba zan ɓata bakina a kanta ba, wanda bai iya rubuta rasit ba ai ba shi da abin yi a ƙofar gandun namun daji na Kainji. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda rarar kuɗi ta fi tsaya maka a rai a kan sharaɗin. Ku yaran yanzu da kun ga kuɗi sun shigo ta waya sai hankalinku ya tafi. Ba ka tambayi kanka abin da mutum zai yi a bakin Tafkin Kainji da dare, wanda har zai biya don kada ido ya gan shi ba?

Tun kana makarantar firamare aka zo mini da irin wannan magana, kuma har gobe in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Ka san yadda ruwan nan yake, ko da yake ban tabbata ka taɓa zama ka lura ba. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa, tafkin sau biyu yake samun cika a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga ruwan saman ƙasarmu da kogunan Sakkwato, mai laka. Baƙin ruwa kuma sai da sanyi yake isowa, bayan ya taso tun daga duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a hanya. Daga nan, da zafi ya shigo, tafki sai ya yi ta ja da baya. A nan ne lungunan da ke bakin rafuka suke tsukewa, wuyan da ya haɗa su da babban ruwa ya rage kamar faɗin kwalekwale biyu, kifi ya taru a ciki ya cushe.

Akwai irin wannan lungu a ƙasan wurin saukarmu. Ni na raine shi. Na yi shekaru ina zarya gidan Sarkin Ruwa, ina zama a tabarma da dattawan Sarkawa da Gungawa, ina kai goro, kafin suka yarda a bar wurin ba a sa ragar kamun kifi kowace iri: ba a jefa birgi, ba a kafa kalli, ba a ja dala. Ba doka ce ta sa su yarda ba, sun ga amfanin ne da idonsu: kifin da ya yi ƙwai a ciki shi ne yake fita ya cika musu koma a waje. Da sassafe in ka tsaya a kan dutsen da ke gefen gabas, za ka ga ramukan karfasa a ƙasan ruwa jere, uwar tana gadi. Za ka ga bargi ya taso ya shaƙi iska ya koma. Yauni yana yin sheƙarsa da ciyawa a cikin burugu. Akwai wata tsohuwar kada da ke shanya a tudun yashi, baƙi na ɗaukar hotonta daga nesa, ba ta taɓa kula kowa ba. Malaman cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa ma sukan kawo ɗalibai su duba. Duk baƙon da ya zo, wurin nan nake fara kai shi kafin a shiga daji neman gwanki da mariya.

Sai ga wani mutum a wata bazara, cikin babbar mota, da furfura a gemu da carbi a hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce iyalinsa da na ƙannensa yake so ya kawo su sha iska, matan kuma ba sa fita, don haka yana roƙon alfarma kada maza su riƙa gilmawa ta wajen tantunansu da dare. Ya biya har da ƙari, ya ce a saya wa yara shayi. Wane ɗa ne dattijo zai ce masa a sakaya masa iyali ya ƙi? Na umarci masu gadi su tsaya a ƙofar sama, wajen da ake ajiye motoci.

Da yamma motocinsu suka shigo, gilasai a rufe. A bayan ta ƙarshe akwai manyan kuloli da buhunan gishiri da jarkoki. Aka ce jarkokin man janareta ne, kulolin kuma na abinci. Janaretan kuwa ya kwana yana ruri, don kada a ji motsin kwalekwale.

Kafin assalatu sun fice, suka ce wai wata tsohuwa ce jikinta ya tashi. Da gari ya waye na sauka in duba ko sun bar shara. Wari ne ya fara tarbata tun daga kan gangare, warin maganin ƙwari mai hawa kai. Da na isa bakin ruwa sai na ga lungun ya yi fari fat da cikin kifi. Sun toshe wuyan da taru, sun zuba maganin ƙwarin nan gamalin, sun kwashe manya, giwan ruwa da ragon ruwa da manyan tarwaɗa, suka bar abin da ba su da buƙata. Ƙananan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba sun yi layi a bakin gaɓa, iska tana turo su. Ƙurungu, wanda kowa ya san taurin ransa, yana ta juyawa a sama baki buɗe. Kwaɗi da kaguwa duk sun mutu. Zuwa azahar na fara tsintar tsuntsayen da suka ci mushen, zalɓe da balbela, a cikin ciyawa. Na duba wajen tantunan, ko alamar takalmin mace ɗaya babu. Sawun maza ne kawai da gwangwanayen maganin da suka tura ƙarƙashin wani kututture.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Kifin nan kasuwa ya tafi. An banda shi, an zuba a kwali, wata baiwar Allah ta saya ta yi wa 'ya'yanta miya. Gamalin ba ya barin jikin kifi don an sa shi a wuta, kuma yakan daɗe a cikin laka. Ba banza ba ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda aka hana a 2009. Magimfa da kakanninmu suke dakawa su zuba a ƙaramin gurbi ma an hana ta, balle wannan.

Sunan da ya rubuta a littafi na ƙarya ne, lambar motar ma ta wata mota ce daban. Ni da yarana muka kwashe mushen da hannunmu muka binne a tudu, muka kewaye wurin da ƙaya don kada shanun Fulani su sha, na sayi man kwalekwale da kuɗin aljihuna na bi ƙauyukan gaɓa ina gargaɗi kada kowa ya ɗebi ruwa a nan. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ranar da na je gaban Sarkin Ruwa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, mu ka hana 'ya'yanmu wurin, muka haƙura, ashe wa baƙo mai mota kake ajiye shi. Ban sami abin cewa ba. A daminar da ta biyo baya samarinsu suka koma jan dala a lungun, ba wanda ya iya hana su, ni ma ba ni da bakin magana. Kadar nan ban sake ganinta ba. An daɗe ƙwarai kafin karfasa ta sake haƙa rami a wurin, amanar da ke tsakanina da masunta kuwa ba ta koma yadda take ba har na bar aiki. Mutumin nan ban yafe masa ba, Allah zai haɗa mu.

To ka ji. Ba na ce mutanenka ɓarayin kifi ne ba. Wataƙila samari ne masu son kiɗa da shaye-shaye, wataƙila masu saran madobiya ne da ke son a loda katako a jirgi cikin duhu, wataƙila abin ya fi haka muni, don kai ma ka san yadda tsaro ya zama a dajin Borgu a 'yan shekarun nan. Ko wane ne, amsar ɗaya ce. Wurin na hukuma ne da jama'a, haya kawai baƙo yake yi, ba ya sayen idon mai gadi. In da gaske iyali ne masu son sutura, ka kafa musu zana, ka sa masu gadi su ba tantuna baya su fuskanci ruwa. Mai gaskiya zai yi murna da haka, don shi ma yana son ya yi barci da kwanciyar hankali. Wanda ya ji haka ya fara tsaki, ka mayar masa da kuɗinsa a take.

Kuma ka buɗe bayan kowace mota da kanka. Kada ka tura yaro, kada ka tsaya kana latsa waya kana cewa an duba. Jarka ka kwance murfinta ka shinshina. Mai zuwa hutu da abinci yake zuwa, kularsa cike take. In ka ga kula babu komai ciki sai ƙanƙara, ga gishiri buhu guda, to da kaya yake shirin komawa. Katin shaida ka riƙe shi a hannunka ka dubi fuskar mai shi, lambar mota ka je ka karanta ta da idonka.

Tun da maganar dare ta taso, bari in ƙara maka wannan, don na ji an ce kana barin jirgin yawo ya kai bayan la'asar sakaliya saboda baƙi na son hoton faɗuwar rana. Lokacin da aka tare ruwan nan ba a sare dukkan itatuwan da ke kwarin ba. Suna nan tsaye a ƙasa, kirya da ire-irenta waɗanda ruwa ba ya cin su da wuri, kuma in tafki ya ja baya kawunansu na dab da saman ruwa. Da rana matuƙin da ya san hanya yana gane su ta yadda ruwa ke murɗawa. Da duhu babu gwani. Ka tuna jirgin da ya nutse a kusa da Warra, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, da mutum fiye da 150 a ciki, mafi yawansu ba su fita da rai ba. Jirginka ya dawo gaɓa rana tana sama, kowa da rigar ruwa a jikinsa a ɗaure, har mai cewa a bakin kogi aka haife shi. Masu cewa a kai su daidai inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, ka nuna musu wajen daga nesa, ka gaya musu duwatsun da ke wurin suna ƙarƙashin ruwa, babu abin gani. Inda dorina take da ɗa kuwa, ko nawa za a ba ka kada ka matsa.

Sauran abubuwan, yadda ake share hanyar wuta kafin ƙunar farko, da inda ake haƙa ramin shara, da hana yara wanka a ruwa mara zurfi mai katantanwa saboda tsargiya, ba zan zauna ina karanta maka su ba. An koya muku a makarantar kula da namun daji, kun ci jarrabawa, kun rataya takarda a bango. Abin da ba a koya muku ba shi ne tafiya da ƙafa. A zamaninmu kafin a bar ka ka riƙe mabuɗin ƙofa sai ka san kowane rafi da sunan da mutanen wurin ke kiransa, ka san wane masunci ne ɗan wane. Gandun nan da aka haɗa daga Borgu da Zugurma a 1979 ya haura murabba'in kilomita 5,000. Ku nawa ne da za ku tsare shi ku kaɗai? Masunta da makiyaya da manoman gaɓa su ne idonka, in sun yarda da kai. Ku kuwa kun fi son zama a ofis ƙarƙashin fanka kuna jiran rahoto ya same ku.

Gobe da safe ka kira mutanen nan ka gaya musu farashi shi ne wanda ke rubuce a allo, ba ƙari ba ragi, masu gadi kuma suna nan inda suke. Daga nan ka sayi goro ka tafi gidan Sarkin Ruwa na yanzu, ɗan wancan ne, ka gaishe shi, ka sanar da shi cewa akwai waɗanda suka zo da irin wannan buƙata, don in ka hana su nan za su iya gwada wani lungun ta wajen Shagunu. Ka cire takalmi kafin ka hau tabarmarsa, wayar nan kuma ka bar ta a aljihu har ku gama magana.